Rabin Askin Baba

Ranar da labarin ya same ni, ina tsaye a bakin teburin guga a shagon wankin da nake aiki, dutsen guga a hannuna. Baba ne ya kawo shi da kansa. Ya shigo babu sallama, ƙyallen aski ɗaure a wuyansa, ɓarin kansa na dama tas kamar ƙwai, na hagu kuwa furfura tana nan tsaye yadda ta kwana.

Dariya ce ta fara taso mini. Da na dubi idanunsa sai ta koma ciki.

"Auta, ajiye dutsen nan."

"Baba, lafiya? Wa ya yi maka haka?"

"Ajiye na ce, kada ki ƙona rigar mutane. Yaron nan ne. Ya faɗi."

Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "yaron nan". Mutanen layi kuwa Mai Aski suke ce masa. Shagonsa yana kallon namu, titi ne kawai a tsakani, kuma ni nake wanke masa tawul. Tun ranar da na lura tawul ɗin da yake kawo mini ko gashi ɗaya babu a jikinsu, na san ba wanki ne yake tsallako da shi ba. Shi ya laƙaba mini suna Sarauniyar Kumfa. Magana ta riga ta je gida, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma duk ƙarshen mako yana zuwa ya miƙa masa kansa, mu kuwa muka ɗauki wannan a matsayin alamar alheri.

Baba kafinta ne. Kujerar askin da ke shagon ma shi ya ƙera ta, da katako mai nauyi, doguwa, da matakin ɗora ƙafa da wurin jingina ƙeya. Duk cikin aikin hannunsa babu wanda yake alfahari da shi kamarta. In ya zauna a kai, ga shi dogon mutum, sai Mai Aski ya ɗaga hannuwansa har sama da kafaɗa kafin ya kai tsakiyar kan.

A nan Mai Aski ya faɗi. Baba ya ce ya ji mataji ya fara faɗuwa ƙasa, sannan almakashi, sannan mutumin.

*

A asibiti na tarar ya farfaɗo, har yana tsokanar nas. Ta kama wuyan hannunsa na hagu tana laluben bugun jini, ta danna nan, ta danna can, ba ta ji komai ba. Ta kira wata, ita ma ta laluba, shiru.

"Malama, ku ƙara dubawa da kyau," ya ce. "Ni dai ba a sanar da ni na mutu ba."

Suka koma hannun dama, nan take suka samu. Nas ɗin ta dube shi, ta dubi 'yar'uwarta, ba ta yi dariya ba.

Na kama hannun hagun. Sanyi ƙalau, kamar wanda ya daɗe cikin ruwa.

"Tun yaushe yake haka?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Me zan ce, Sarauniya? In ce hannuna yana gajiya in na ɗaga mataji? Ai sai ki ce rago kika samu."

Aka yi ta gwaje-gwaje da hotuna. Ranar da likita ya kira a ji sakamako, da yake mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ƙafa ta hana ta hawa bene, Baba ne ya shiga a matsayin uba, ni ina bayansa. Da na san abin da za a faɗa, da na roƙe shi ya jira a waje.

Likita ya faɗi sunan ciwon. Karatuna bai yi nisa ba, sunan bai zauna a bakina ba har yau, amma bayanin na riƙe shi. Ya ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, yana kumbura manyan jijiyoyin jini da suka taso daga zuciya, bangonsu ya yi kauri, hanya ta tsuke. Jijiyar da ke kai jini hannun hagu ta kusa toshewa, shi ya sa babu bugu. Ya ce ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya ƙara da cewa ya fi kama mata.

"To fa," in ji Mai Aski. "Duk cututtukan duniya sai na mata ne ya ga damata."

Likita ya ɗan murmusa, sannan ya juyo da hoton wajenmu.

"Hannun ba shi ne damuwata ba. Ciwon ya taɓa gindin babbar jijiya, daidai inda ta fito daga zuciya. Akwai wata 'yar ƙofa a wurin da take rufewa bayan jini ya fita. Tasa ba ta rufuwa daidai, jini yana komawa baya, zuciya tana aiki biyu. Ta fara girma."

"Ana warkewa?" Baba ya tambaya.

"Ana kwantar da kumburin da magani. Ana lallaɓa zuciyar. Wasu sukan daɗe ƙwarai."

"Wasu kuma fa?"

Likita bai ɓoye masa ba.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba. Sai da muka kai ƙofa ya tsaya, bai ko juyo ba.

"Auta, maganar nan ta mutu. Kada in ƙara jin ta."

*

Na yi kuka har Umma ta ce zan zubar da idanuna a ƙasa. Na durƙusa gaban Baba a rumfar aikinsa, cikin garin katako.

"Baba, kai ka ɗauko shi da hannunka ka kai shi asibiti."

"Na ɗauke shi, gobe ma in ya faɗi zan ɗauke shi. Yaron kirki ne. Ba ƙinsa nake yi ba."

"To me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Uwata ba ta kai shekarunki ba ubanmu ya rasu ya bar mata mu, mu uku, ni ina goye. Na ga yadda ta tsufa kafin lokacinta. Ba zan ɗauki 'yata da hannuna in kai ta inda na san ƙarshensa ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ai ni ma na hango, Baba. A gabana likita ya faɗa."

"Kin ji da kunne. Ba ki gani ba."

Ya ɗauki abin fiƙe katako ya ci gaba da aiki, hularsa ta dame kansa har kunne.

Wannan hular kuwa ta zama abin magana a gida. Tun ranar da abin ya faru Baba ya ƙi kowa ya ƙarasa masa askin. Ɓarin da aka aske ya fara tsirowa, ɗaya ɓarin ya yi tsawo, kan ya koma kamar gonar da aka nome rabi. Umma ta kawo almakashin ɗinkinta, ya kore ta.

"Malam, ko don mutuncinmu. Jiya da ka cire hula jikanka sai da ya ruga."

"Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Ba a ba wani aikin wani."

"Ka hana shi 'yarka, kana ajiye masa kanka?"

"Wannan daban, wancan daban."

Ana cikin haka Mai Burodi ya fito. Gidan burodinsa yana jikin shagon Mai Aski, bango ɗaya. Ƙato ne, hannuwansa kamar faranti, lafiya kamar ta yi magana a jikinsa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ya daɗe yana so na, ganin akwai wani a gaba ya sa ya yi shiru. Yanzu kullum da safe sai ga burodi da zafinsa a ƙofarmu.

Na daina cin burodi. Umma kuwa ta ci gaba da shafa masa man shanu.

"Ni ba ni ake nema ba," ta ce, "don haka babu abin da ya hau kaina."

Baba ya ce in saurari Mai Burodi. Na saurare shi, na ba shi tabarma da ruwa, na amsa gaisuwa. Iyakar abin da ya samu ke nan.

*

Da aka sallami Mai Aski, na je gidansu wata rana da yamma, da sanin Umma. Maganin da ake ba shi ya kumbura masa fuska, ta yi suntum. Yana zaune a tsakar gida, hannun hagun a cikin hammatarsa.

"Kin ga ikon Allah," ya ce. "Na zama burodi ni ma. Sai ki huta da zaɓe."

"Wa ya gaya maka?"

"Bango ɗaya muke da shi, Sarauniya. Ko tari ya yi ina ji."

Na zauna. Wasan ya bar fuskarsa.

"Ki aure shi."

"Me ka ce?"

"Ki aure shi. Baba yana da gaskiya. In ni ne ubanki abin da zan yi ke nan. Ki dube ni, daga ɗaki zuwa nan sai da na tsaya na huta. Me zan ba ki? Zaman layin asibiti? Ƙirga ƙwayoyi? In tafi in bar ki da goyo?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ina son ki, shi ya sa nake cewa..."

"To ka daina so na irin wannan, ba na so." Hawaye ya riga ya ɓalle mini. "Kowa ya zauna ya raba mini rayuwata kamar yadin ɗinki, Baba ya yanka nasa, kai ka yanka naka, babu wanda ya tambaye ni. Shi Mai Burodin takardar daɗewa aka ba shi? Ba kullum yake gaban wuta ba?"

"Shi ba a faɗa masa ba. Ni an faɗa mini."

"Ni ma an faɗa mini, ina tsaye a wurin. Na ji duka, na je gida na kwana da shi, na tashi da shi, na auna shi ta kowane gefe. In kaɗan ne, kaɗan ɗin nake so. Kai ba ka san na gane tawul ɗinka masu tsabta ba ne? Na wanke su haka nan, na goge, na ninke, don kawai gobe ka sake tsallakowa. Yanzu da suka yi datti da gaske za ka ce in ba wani wankin?"

Ya rufe fuska da hannun dama, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Na jawo hannun hagun daga hammatarsa. Na murza tafukana har suka yi zafi, na sa hannunsa a tsakani na riƙe. A hankali yatsun suka fara motsi.

"Wannan wane magani ne?" ya tambaya.

"Na masu guga. Hannunmu ba ya rabo da zafi."

"In Baba bai yarda ba fa?"

"Ba zan aure ka ba sai ya yarda. Amma ba zan auri kowa ba."

*

Mai Burodi da bakinsa ya ɓata wa kansa, kuma da kyakkyawar niyya. Ya zo gaishe da Baba a rumfa, ina share garin katako. Ya ce ya ji tausayin maƙwabcinsa, tun da da wuya ya iya komawa aiki, zai karɓi shagon ya fasa bangon ya faɗaɗa gidan burodi, shi kuma ya ba shi zaman kanta, aikin da babu ɗaga hannu.

"Madalla," in ji Baba. "Kayan shagon fa?"

"Madubin zai yi amfani. Tsohuwar kujerar nan ce dai ban san yadda za a yi da ita ba, ta cika wuri. Amma katakonta mai kyau ne, zai ci wuta sosai a tanda."

Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Baba ya ajiye guduma a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Zai ci wuta," ya ce.

"Ƙwarai, Baba. Af, kuma in ka yarda in kai ka wani sabon shago a gyara maka kan nan. Aski ai aski ne."

"Na gode, ɗana. Ka gaida gida."

Da ya tafi Baba ya juya wajen aikinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce yaron nan ya buɗe shago yau?"

"Ya buɗe. Likita ya ce ya gwada kaɗan-kaɗan."

"Ɗauko masa tawul ɗinsa. Kaina ya ishe ni."

*

Baba ya hau kujera ya cire hula. Mai Aski ya dubi kan, ya cije leɓe don kada ya yi dariya.

"Baba, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

"Wani yaro ne marar kunya. Ya fara ya kwanta barci."

Ya ɗaura masa ƙyalle, ya ɗauki mataji da hagu, almakashi da dama. Ƙeya ta tafi lafiya, gefen kunne ma haka. Da aka zo tsakiyar kai ya ɗaga hannuwa sama, sai na ga hagun ya fara rawa. Ya sauke, ya numfasa, ya sake ɗagawa. Ya yi 'yan yanka kaɗan, ya sake saukewa. Gumi ya keto masa. Mataji ya suɓuce ya faɗi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ajiye tawul, na murza tafukana, na kama hannunsa a gaban Baba na riƙe har ya yi ɗumi. Na ɗauko matajin na sa masa.

Baba yana kallonmu ta madubi.

Haka muka yi ta yi, ya yanka, ya sauke, in ɗumama, ya ɗaga. Askin da yakan gama kafin shayi ya huce ya kai mu har rana ta karkata. Bai yi gaggawa ba, bai bar gashi ɗaya a tsaye ba. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to a daidai nan ya tsaya, reza a hannunsa, ya dubi Baba ta madubi.

"Baba, ka ga yadda nake. Ban ɓoye maka komai ba. In ka hana ni ita ba zan ga laifinka ba, kuma kanka ni zan ci gaba da aske shi muddin ina iya tsayuwa."

"Ka ƙarasa aikinka, surutu ya yi yawa."

Ya ƙarasa. Baba ya shafa kansa gaba da baya, ya sauko, ya zagaya kujerar yana dubanta, ya auna tsayinta da tafin hannu, ya auna kafaɗar Mai Aski da ido. Ya sa hula ya fita.

Na koma gida da zuciya kamar dutse. Na ce shi ke nan, yau ya gani da idonsa.

Washegari da safe ina buɗe shagon wanki na ji ƙarar zarto daga tsallaken titi.

Na ruga. Kujerar tana kwance a gefenta a bakin shago, Baba ya taka ta da ƙafa ɗaya, yana yanke mata ƙafafu. Kujerar da ko ƙura ba ya so ta hau. Mai Aski yana tsaye baki buɗe, Mai Burodi ya leƙo da gari a hannu.

Baba ya yanke huɗun, ya goge bakinsu, ya cire matakin, ya tayar da ita. Ya zauna. Kansa ya tsaya daidai ƙirjin Mai Aski.

"Gwada."

Mai Aski ya ɗora mataji a tsakiyar kan, gwiwar hannunsa tana manne da haƙarƙarinsa. Babu rawa.

"To," in ji Baba, yana kakkaɓe wando. "Ba zan ba da 'yata ga mutumin da yake faɗuwa a wurin aiki ba. Yanzu ba ka da hujja. Ka turo manyanka." Ya tattara guntayen ƙafafun huɗu ya miƙa wa Mai Burodi. "Ga na tanda, ɗana. Iyakar abin da za ka samu ke nan."

Mai Burodi ya karɓa, ya dube su, ya yi dariya har da riƙe ciki, duk da na ga idonsa ya kaɗa. Shi ya yi mana burodin biki, ya ƙi karɓar ko sisi.

*

Mun samu shekaru, ba masu yawa ba, amma sun fi abin da Baba ya ji tsoro. Mun samu 'ya mace, mai bakin ubanta. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya miƙo mini hagun ya ce, "Sarauniya, a sa wa dutse wuta."

Daga baya zuciyar ta gaji. Ƙafafu suka fara kumbura, numfashi ya gajarta, kwanciya ta gagara sai da jingina. Muka dawo da kujerar gida, don a kanta kaɗai yake samun sauƙin numfashi. A kanta ya koya mini riƙon almakashi, da kan Baba muka yi karatun.

"In ta yanke maka kunne, Baba, ka yi haƙuri, ɗaya ya isa jin faɗan Umma."

A kanta ya cika, da hantsi, hannunsa a cikin nawa.

Ranar da masu zaman makoki suka watse na ce wa Baba, "Abin da ka hango ya zo."

Ya dubi kujerar. Sannan ya ce, "Na hango ƙarshen, Auta. Tsakiyar ce ban hango ba." Ya cire hula ya hau kujerar. "Zo ki rage mini. Ba na ba wani aikinsa sai ke."

Kujerar tana nan a ɗakina, gajeriya, duk baƙon da ya zauna sai ya tambayi wanda ya yi mata haka. Matajinsa yana kan hannunta na hagu. Kullum da safe kafin in fita wanki, sai in murza tafukana har su yi zafi, in ɗauki matajin in riƙe shi a tsakani. In ya yi ɗumi sai in mayar da shi wurinsa, in ja ƙofa.